Fitila Mai Rowar Haske

Tun ran da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci, "Mu'azu, yaya Jamus?" In na tsaya sayen goro a Ƙofar Taramniya, "Mu'azu, yaya Jamus?" Sai ka ce Jamus ɗin wata gwaggona ce da na je dubiya asibiti. 'Yan majalisarmu sun fi kowa naci, musamman Ladan mai shagon yadi, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai wuce Gusau ba, amma in ana hirar Turai shi ke yi mini gyara. To ga shi na rubuta sau ɗaya tak. Kowa ya karanta, a ƙyale ni in sha furata.

Ga wanda bai san ni ba, aikina a sashen kimiyya na kwalejinmu shi ne wanke kwalabe, goge tebura, da haɗa wayoyi kafin ɗalibai su shigo su ƙona su. A takarda dai mataimakin ɗakin gwaji ake kirana. A shekarun nan da man fetur ya sa gwamnatin soja ta rasa inda za ta kai arziki, an shiga tura mutane ƙasashen waje koyon aiki kamar ana rabon sadaka. Shugaban sashenmu, Dakta Bawa, yana da wani tsohon malaminsa a Jamus ta Yamma, ya rubuta masa, aka ba mu gurbin mutum ɗaya na wata tara. Malamai duk suka noƙe, don sun ji aikin hannu ne kuma ba digiri a ƙarshensa. Da haka abin ya gangaro har kaina.

Ana gobe zan tashi Dakta ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Mu'azu, akwai ɗaki ɗaya a sabon gini da ba a ba kowa ba tukuna. In ka dawo da irin abin da suke ƙerawa can, mai aiki, wanda za mu jona mu nuna wa hukumar kwaleji, ɗakin nan ya zama ɗakin binciken haske, kuma kai ke riƙe da makullinsa. In ka dawo da rediyo da kwat kamar sauran, ma'aji na jiran ɗakin ya zuba karyayyun kujeru. Kwalabenka kuma ba wanda zai taɓa maka su."

Na ce Allah ya ba mu sa'a. Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe, ban taɓa riƙe makullin ko da banɗaki ba. Na so ɗakin nan, ba zan ɓoye ba, na so shi har cikin raina.

Daga Sakkwato zuwa Kano a motar haya muka tafi, mu tara a wurin da aka yi don mutum bakwai, da buhun albasa a kan ƙafata. Direban yana da aƙidar cewa birki na matsorata ne. A filin jirgi na Kano na iske rabin manyan ƙasar nan za su fita. Wanda ya zauna kusa da ni a jirgi wani Alhaji ne ɗan kwangila, Bakano, za shi sayo famfunan wanka masu ruwan zinariya, alhali unguwarsu ba a kai ruwan famfo ba. Ina buɗe baki ya ce, "A'a, Basakkwace! Kai ma Turai?" Na ce ai jirgin bai tambayi garinmu ba. Ya tambaye ni me zan je sayowa, na ce koyon aiki zan je. Ya dube ni da tausayi, ya miƙo mini rabin goro.

Da muka sauka, masu duba kaya suka buɗe akwatina suka ci karo da kilishi ɗauri uku da na yi wa Farfesa, tsohon malamin Dakta, tsaraba. Ma'aikacin ya sa safar hannu, ya ɗaga falle ɗaya da yatsa biyu, ya duba shi a fitila, ya kira ɗan'uwansa. Suka tambaye ni fatar mece ce wannan. Na ce nama ne, na ɓalli gefe na ci a gabansu don su ga ba guba ba ce. Wannan ya ƙara tabbatar musu da cewa abin haɗari ne. Suka zuba kilishin Sakkwato, mai ƙuli da yaji, a buhun shara suka ɗaure baki, suka ba ni takarda mai hatimi wai shaidar sun karɓa. Ina da ita har yanzu, ga mai son gani.

Masaukin da aka kama mini ɗaki ne a saman gidan wata tsohuwa mai zaman kanta da karenta. Karen nan yana da gado, yana da bargo, yana da rigar sanyi mai maɓalli, kuma in ya yi atishawa a kai shi likita. Ni da na yi mura sati biyu, ganyen shayi ta miƙo mini ta ƙofa. Ba muguwa ba ce, doka ce dai ta yi mata yawa. Ba a wanka bayan ƙarfe tara, ba a shanya ran Lahadi, ba a taka bene da ƙarfi. Ranar farko na gaishe ta yadda aka koya mini, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, yaya kare. Ta tsaya tana jira in faɗi abin da ya kawo ni. Da ta ga babu, sai ta tambaye ni ko wani abu ya lalace a ɗakin.

Abinci kuwa, Allah ya kiyaye baƙo. Mutanen da suka iya ƙera jirgin ƙasa mai zuwa kan minti, amma da yamma burodi mai sanyi da cuku suke ci, burodin ma baƙi, mai nauyi kamar tubali. Akwai wani kabeji da suke bari ya yi tsami da gangan, su zuba a faranti suna murna. Nama kuma duk inda ka juya alade ne, ko ya sha ado ko ya zo tsirara. Wata tara na yi a kan dankali, dafaffen ƙwai da kifin gwangwani. Har mafarkin tuwon shinkafa da miyar sure na riƙa yi, in farka in ga dankali.

Yanzu ga aikin, tunda shi ne ba wanda ya gane duk lokacin da na yi bayani a majalisa. Ladan, ka buɗe kunne.

Farfesan tsoho ne dogo, kullum da lofe a baki ba wuta, don an hana hayaƙi a ginin. Ranar farko ya ɗora mini wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba ta kai ƙwayar gero ba, ya ce daimon ne, wato lu'ulu'u. Ya ce a cikin daimon ƙwayoyin halittarsa a jere suke kamar sahun salla, kowa a gurbinsa. Amma jefi-jefi akan sami gurbin da ba kowa, ga kuma wani baƙo tsaye kusa da shi. Masu sayar da daimon aibi suke kiran wannan, su kuwa shi suke nema ido rufe, don in aka zungure shi yakan fitar da haske. Kuma a cikin gurbin akwai wani abu mai halin allurar kamfas, yana iya fuskantar sama ko ƙasa, maganaɗisu na juya shi, hasken kuma na tona inda ya fuskanta.

Na ce to madalla, sai me?

Ya ce haske ma ƙwayoyi ne, fitilar kwano tana watsa su ba adadi. Burinsu shi ne su ɗora daimon ɗin a kan guntun silikon, irin abin da ke cikin rediyon tiransisto, su haɗa su da waya, ta yadda wutar batir za ta sa gurbi ɗaya ya saki ƙwayar haske ɗaya, ya tsaya, sai an ce ya sake. Ya ce ba su kai nan ba, yanzu gurabe masu yawa ke amsawa tare, wataƙila jikokinsu ne za su ware guda. Amma hanyar ke nan.

Jama'a, ku auna. Na baro garin da muke kwana uku muna roƙon masu wuta su tuna da mu, na haye teku, na iske manyan masana sun tattaru suna neman fitilar da ta fi kowace fitila a duniya rowar haske. Na ce wa Farfesa in ƙarancin haske suke nema, su zo unguwarmu, mun riga su nisa. Ya cire lofe ya yi dariya har da tari. Daga ran nan ya fara kula ni.

Ɗakin da ake haɗa abin ya fi ɗakin tiyata tsabta. Sai ka tuɓe takalmi, wanda bai dame ni ba, mu da muka saba. Sai ka sa farar riga har ƙasa, da hula, da ƙyallen rufe baki, ka ɗaura wata waya a tsintsiyar hannu wai kada wutar jikinka ta kashe silikon. Shugabar ɗakin wata mata ce, Birgita, gajera, ba ta dariya sai in an yi kuskure. Ita ce za ta koya mini ɗaura wayoyin zinariya tsakanin daimon da silikon. Wayoyin sun fi gashin kai siranta, ba ka ganinsu sosai sai a madubi, kuma ko numfashi ka saki da ƙarfi sai su kwanta.

Kuskurena na farko ba a kan waya na yi shi ba. Azahar ta yi, na duba kusurwa na ga wata babbar kwalba mai famfo, ruwa garau, na ce alhamdu lillahi, mutanen nan sun san darajar baƙo. Na tara hannu na yi alwala cikakkiya, har da wanke ƙafa sau uku-uku. Ina gama ƙafar hagu Birgita ta shigo. Ashe ruwan nan kwana biyu ake tace shi don wanke daimon, ba abin da ya taɓa shiga cikinsa tun da aka halicce shi sai ƙafar Mu'azu. Ta yi magana mai tsawo da Jamusanci, wadda na gode wa Allah da ban ji ba. Ni dai na san ban taɓa salla da alwala mai tsarki irin ta ran nan ba. Washegari na iske ta ajiye mini buta ta roba a bakin ƙofa, da sunana a jiki.

Na biyu goro ne. Akwai wani Bayarabe mai shago kusa da tashar jirgin ƙasa da ke samo mana shi a bushe. Birgita ta lura duk ran da na ci, hannuna na rawa a madubi. Ta ce in zaɓa, ko goro ko zinariya. Ni da ko azumi da kyar nake haƙura da shi, na bar goro wata shida saboda ɗakin da Dakta ya yi mini alkawari, wanda ban ma ga cikinsa ba.

Wayoyin da na tsinka a watannin farko, da an tara su da an yi wa amarya 'yan kunne. Ka ɗaura goma sha ɗaya lafiya, ta goma sha biyu ta karye ta ja sauran. Sau biyu na shiga banɗaki na yi hawaye, babba da ni, mai 'ya'ya uku. Birgita ba ta taɓa cewa sannu ba, sai dai ta ture wanda na ɓata ta ajiye sabo. Ana nan ana nan hannu ya faɗa. Wata rana ta leƙa madubina, ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Ba laifi." Wani ɗalibi da ke wurin ya ce mini shekararsa huɗu bai samu wannan ba.

A wata na takwas na haɗa nawa daga farko har ƙarshe. Aka kai shi ɗakin duhu, aka jona batir, aka saita shi gaban wata na'ura mai ƙirga ƙwayoyin haske. Ido ba ya ganin komai. Sai na'urar ta fara, ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Farfesa ya kashe batir ta yi shiru, ya kunna ta ci gaba. Wallahi gashin jikina ya tashi. Duk ba'ar da na yi wa fitilar nan, ran nan na ji kamar an ce mini matata ta sauka lafiya.

Farfesa ya ce wannan nawa ne, in kai wa Dakta Bawa, na'urar ƙirgar kuma za su aiko ta jirgin ruwa. Birgita ta sa shi a wani ɗan akwati kamar na ashana, mai murfin gilashi. Ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce kowa na iya kallo ta gilashi, amma kada a buɗe sai a ɗaki mai tsabta, kuma ko an buɗe kada yatsa ya kusance shi. Taɓawa ɗaya, wayoyin sun tafi, kuma babu injin ɗaura su a inda za ni. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai sai bayan raina. Na ɗinka masa 'yar jaka na rataya a wuya ta cikin riga, kamar laya.

A Kano aka fara. Layin kwastan cike da firji, talabijin, katifu, har da wani mai tayar mota huɗu a matsayin kayan hannu. Da aka zo kaina, jami'in ya ga akwati ɗaya, ya ga ba rediyo, nan take ya tsargu. Ya ce me ke wuyana. Ni kuma da gaskiyar tsiya na ce daimon ne da zinariya. Kafin in rufe baki mutum biyar sun kewaye ni, an kira babba daga ofis, an ba ni kujera. Na fito da akwatin na ce a duba ta gilashi. Babban ya duba, ya juya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ina daimon ɗin?" Na nuna. Ya ce, "Wannan ɗigon?" Ya ce a buɗe. Na ce ranka ya daɗe, kayan gwamnati ne, ga takarda, duk wanda ya buɗe sai ya sa hannu cewa shi ya buɗe. Jin sa hannu ya kashe maganar. Ya miƙo mini yana girgiza kai, ya ce wata tara a Turai, wasu iyayen dai ba su yi sa'a ba.

A motar Sakkwato kuma, bayan Talatar Mafara, muka iske shingen soja. Aka sauke mu duka, aka jera a rana. Wani kofur mai jajayen idanu ya ga igiya a wuyana ya fizgo. Ya ce in buɗe. Takardar da ta yi aiki a Kano na miƙa masa, ya riƙe ta a kife, na san ba nan mafita take ba. Ya sa farce a bakin murfin. Sai Allah ya kawo mini ƙarya. Na matsa na rage murya na ce, "Oga, buɗe in kana so, amma bari in ja baya tukuna. Wani haske ne a ciki da ido ba ya gani. Baturen da ya buɗe irinsa ba rigar kariya, yau shekara shida matarsa na kuka." Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya dubi ƙasan bel ɗinsa. Ya miƙo mini da hannun hagu, ya ce mu ɓace masa daga nan. Har muka shiga Sakkwato ba wanda ya yarda ya matse ni a mota, na zauna sarai kamar gwamna.

Da la'asar na iso gida, ran Alhamis, sai Asabar zan ga Dakta. Gida ya cika, mata na guɗa, yara na jan akwati. Kowa ya ce a nuna masa abin da na je yi, na fito da shi na riƙe da kaina, aka yi layi ana leƙawa. Gwaggo Ige ta leƙa ta ce, "Wanga ɗan abu shi na kat tahi nema? Ai ko cikin tsakuwar shinkafa ina tsintar wanda yaf fi shi." Aka yi dariya, ni ma na yi, na mayar da shi wuya.

Sannan na shiga zaure gaida Baba.

Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne, aska takwas da aska biyu, irin waɗanda ake shekara ana yi wa wuya ɗaya aiki. Kakana ma haka. Ni ne ɗan fari, ni aka zaunar kusa da shi tun ina shekara bakwai da allura a hannu, ni ne kuma na ajiye ta na bi boko. Bai hana ni ba, bai yi faɗa ba, amma tun daga ran nan bai taɓa tambayata me nake yi a wurin aiki ba. Ko sunana ba ya faɗa, da ma kunyar ɗan fari ta ba shi mafaka. Kafin in tafi idanunsa sun fara hazo. Da na dawo na iske yanar ido ta rufe su duka biyu, sai dai ya bambance rana da inuwa. Ba wanda ya rubuta mini, wai kada hankalina ya tashi.

Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambaya ko ana samun alƙibla a can. Ƙanensa Baffa Sani na gefe, shi ya ce, "Yaya, ka ji abin da yaron ga yay yi can? An ce waya yaka ɗaurawa ta zinari, wadda ta fi gashi ƙanƙanta."

Baba ya juyo da fuska wajena. Ya ce, "Ɗaurawa kamar ƙaƙa?"

Na yi bayani yadda zan iya. Na ce ana kafa bakin zaren a nan, a ɗaga shi ya yi baka, a sauke a can, a danne, a yanke, sau goma sha biyu, kuma duk bakunan sai sun zo tsayi ɗaya.

Baba ya ce, "Ashe ɗunki na."

Na ce, "Kusan haka, Baba."

"Kai kay yi shi? Da hannunka?"

"Ni na yi."

Sai ya goge tafin hannunsa a riga, sau biyu, ya miƙo. Ya ce, "Kawo in gani."

Na sa masa akwatin a hannu a rufe. Ya shafa gilashin, ya juya, ya shafa bayan. Ya ce, "Wanga ai gidan na. Ina aikin?"

Ku da kuke ta tambaya, ga inda tafiyar take. Na iya da kwastan, na iya da soja mai bindiga. Ina da bayani a bakina, da Hausa da Turanci, na san sarai abin da yatsa zai yi. Amma tsoho ne makaho a kan buzunsa, wanda duk rigar da ta fita daga zauren nan sai da ta bi ta ƙarƙashin babban yatsansa, yau bayan shekara ashirin da wani abu ya ce in kawo aikina ya gani. Da wane baki zan ce masa hannunka zai ɓata? Baffa Sani ya dube ni, ya ga fuskata, ya buɗe baki zai yi magana. Na girgiza masa kai.

Na karɓa, na buɗe murfin, na mayar masa.

Ya yi bisimilla. Ya ɗora babban yatsa a hankali, yadda yake yi wa wuyan riga, ya ja daga dama zuwa hagu. Ya sake ja. Ni ina kallon ƙasa. Ya daɗe yana murzawa, sannan ya ce wa Baffa Sani, ba ni ba, "Sani, ban ji bakin zare ko guda ba. Ko guda. Yara nawa nik koya ma aiki cikin zauren ga, babu wanda yab ɓoye bakin zare haka." Ya miƙo mini, ya ce, "Rufe, kar ƙura ta shiga."

Na rufe. Na fita bayan gida na tsaya jikin bango, ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ran Asabar na kai wa Dakta Bawa. Har ya sa an share ɗakin, an kafa tebur, ya gayyaci mutum biyu daga hukuma su zo ran Litinin. Ya karɓi akwatin da hannu biyu, ya sa a madubi, ya sunkuya. Na ga wuyansa ya sandare. Wayoyin goma sha biyu duk sun kwanta, wasu sun tsinke, ga shatar yatsa shimfiɗe a kan silikon, layi-layi, kyakkyawa, ko 'yan sanda ba su ɗaukar wadda ta fi ta fita.

Ya ɗago a hankali. Ya ce, "Kwastan ne?" Na ce a'a. "Soja?" Na ce a'a. Da na ce soja ne da ya yarda, da har takardar koke zai rubuta, wataƙila ma a sake tura ni. Ya buga tebur ya ce, "To wane jaki ne, wane baƙauyen da bai san darajar komai ba, ya sa ƙazamin yatsansa a kan aikin wata tara?"

Na ce, "Ni ne, Dakta."

Ran Laraba ma'aji ya kwashe kujerunsa ya zuba a ɗakin.